Malam Abdurrahim Mai Ranaku

A bakin goggonta Larai ne Adawiyya ta fara jin sunansa. Goggon ta dawo Aujara daga Dutse ranta a jagule, ta ce an soma tantance ma'aikata, kuma duk wanda gurbin ranar haihuwarsa ya fito babu komai a kwamfuta, za a ce ma'aikacin bogi ne, a soke shi. Ita da ta ƙare ƙuruciyarta tana tuƙa wa 'yan makarantar kwana tuwo, ga marayu a gabanta, nata gurbin wayam yake.

"An ce sai dai in je wurin Mai Ranaku," in ji ta.

Adawiyya ta zaci malamin duba ne. Ashe ma'aikacin kwamfuta ne a wata ma'aikata. A ruga aka haife shi, can wajen Buji, ana cikin tafiya da shanu. Wani kawunsa ya sa shi boko, ya koyi buga tafireta a Kano. Da aka ƙirƙiro Jigawa ya biyo motar kayan ofis zuwa Dutse, lokacin wasu ma'aikatan a gindin bishiya suke ajiye teburansu. A nan ya koyi yi wa kwamfuta magana da harshen da ake kira SQL. Abokan aikinsa kan cike kowane gurbi da ɗaya ga Janairu su huta. Shi bai musa musu ba, sai dai bai taɓa yi ba.

Da Goggo ta kai masa kukanta, ya ce a zo masa da wanda ya ga haihuwar. Aka ɗora Iya Kubura, mahaifiyar Goggo, a bas, Adawiyya na riƙe mata buta. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ne.

Suka tarar da siririn dattijo da tabarau, janareta na ƙara a bayan taga. Ya tashi ya ba Iya kujerarsa, ya durƙusa.

"Iya, sunan Larai na gaske ne, ko na wata aka ara mata?"

"Ka taɓa jin an ari ranar haihuwa? Ran Laraba ta faɗo, ina tsakiyar surfe."

"Da damina ko da rani?"

"Da azumi dai. Zafi kamar a gasa mutum. Ubanta ya so a kira ta Azumi, na ce a'a."

"Farkon azumin?"

"Ƙarshe. Da ragowar tuwon sallah aka yi sunanta. Kai ɗan Fulani, aurenta za ka yi ne kake wannan bincike?"

"Shanuna sun ƙare, Iya," ya ce yana dariya. "Wace shekara ke nan?"

Can tsohuwar ta ce ita ba ta san shekara ba, amma da kakar shekarar nan aka raba wa 'yan makaranta tutar samun 'yanci, Larai na goye tana koyon zama.

Malam Abdurrahim ya juya ga na'urar, ya kirawo kalandar 1960, ya jera ta da ta Musulunci. Laraba ɗaya ce tak za ta sa suna ya faɗo bayan sallah: ashirin da uku ga Maris. Ranar da kowa ya ɗauka ta ɓata, ga ta tana ƙyalli a fuskar gilashi, an tsamo ta daga surfe da tuwon sallah.

Ya buga layi guda, ya fassara wa Adawiyya: a gyara teburin ma'aikata, a sa wannan rana, a inda lambar ta zama ta Larai kuma gurbin ba komai.

"Wannan ƙarshen shi ne abin tsoro," ya ce. "In na manta shi, duk ma'aikatan Jigawa sun zama tagwayen goggonki."

Ya karanta sau biyu, ya yi bisimilla, ya danna. Na'urar ta ce an gyara layi ɗaya. Goggo ta koma bakin tukunyarta, har ta aurar da marayun nan.

Haka ya yi wa mutane masu yawa har ya yi ritaya: su Ɗanjuma, su Sallau, su Marka da aka haifa tsakiyar damina. Wanda bai samo tasa ba, sai ya ce a nemo wani tsoho, yana jira.

A ranar nan, da za su fito, Adawiyya ta tambaye shi tasa ranar. Ya nuna mata layinsa: ɗaya ga Janairu, wani ne ya sa masa tun a Kano. Duk waɗanda suka ga haihuwarsa sun rasu.

"Na ga ke ce mai riƙe wa danginku labari," ya ce. "Ranar zuwana duniya ta ɓace a daji. In kin ji ta tafiyata, 'yata, ki riƙe min ita, da ta boko da ta Musulunci, har da sunan ranar."