Ranar da Na Wanke Littafin Jikata

Mu biyar ne a tsakar gidana a Birnin Kudu ranar: ni, da ƙanen marigayi mijina da na aika ya taho daga Fagam, da limamin unguwarmu, da surukata uwar jikata, sai ita jikar tawa da na raina tun rasuwar ubanta. Ni na tara su, kuma a kanta.

Hutu ta zo daga jami'a. Kwana bakwai ina lura da ita. Tana idar da sallar asuba sai ta buɗe wani littafi ta hau rera wasu kalmomi tana ƙirgawa da yatsu. Ba Larabci ba ne, kunnena ya san wannan, ba kuma Turanci ba. Na leƙa rubutun, na ga baƙaƙen a rataye jikin layi kamar shanya a igiya. Da na tambaya ta ce sunansa Sanskrit, tsohon yaren da Indiyawa suka rubuta littattafan addininsu da shi. Ban ƙara tambaya ba. Abin da na ji ya ishe ni.

Liman ya sa ta yi bayani. Ta ce addinan Indiya take nazari, kuma malaminsu ya ce ba a fahimtar mutane sai an karanta maganarsu da yarensu. Imaninta yana nan daram. Ya ce ta maimaita abin da take rerawa, ta fassara. Ta kawo da ka: doki yana tafiya ƙauye, dawakai biyu suna tafiya ƙauye, sarki yana shan ruwa.

Liman ya yi dariya. "Hajiya, ai nahawu ne. Haka muka sha fama da Larabci a zaure."

Ita ma ta yi murmushi, ta juyo gare ni. "To Inna, ba ni littafina. Saura kwana goma jarrabawa."

Na kasa ɗaga kai. A wurinmu ba a ƙona rubutu ko na wane ne, wanke shi ake yi a zubar inda ƙafa ba ta takawa. Ban jira zuwansu ba. Tun da hantsi, tana ɗaka, na ɗauko littafin da na karɓe mata, na jiƙa shi a baho bayan rumbu, na murje da hannuna. Karatun shekara guda ne, da hannunta ta kwafe shi, don littafin ɗaya ne tak a makarantar, ba a fita da shi.

Ta je ta tsuguna gaban bahon, ta daɗe. Ba ta yi kuka ba, uwarta ce ta yi. Da jikata ta dawo ta ce mini, "Da kin tambaye ni sau biyu, Inna." Ta shige ɗaki. Ba ta ci jarrabawar ba, kuma hutun da ya biyo baya a makaranta ta yi shi, amma wannan daga baya ne.

Washegari da sassafe na tsamo takardun da ba su narke ba, na shimfiɗa a tabarma ɗaya bayan ɗaya, ban san wacce ke bin wacce ba. Na danne su da duwatsu, na zauna ina korar kaji.