Yadda Allo Ya Koya Mini Faɗuwa

Shekarun baya, Faransawa ba su daɗe da barin Aljeriya ba, ina zaune a Tamanrasset wurin kawuna mai shagon yadi. Daga Damagaram na zo, ɗauke da gafaka da rabin Alƙur'ani a ciki. Mahaifina ne ya fara rubuta shi, sai doki ya kayar da shi, ya tokare ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya karye. Ɗori bai yi kyau ba, daga nan bai sake riƙe alƙalami ba. Ranar da zan taso ya miƙo mini gafakar ya ce, "Ka ƙarasa."

Ina cikin wannan aiki sai mutanen wani ƙauyen lambu suka nemi in riƙa zuwa ina karantar da su. Suka aiko mini da goɗiya, abin alfahari a ƙasar da kowa raƙumi yake hawa. Ni kuwa ban taɓa hawa ba, ina ganinta na tuna abin da doki ya yi wa mahaifina.

Kawu tsohon sojan doki ne. Ya dube ni ya ce, "Alaramma, hawa kam ko buhun gero ya iya. Faɗuwa zan koya maka."

Kullum da hantsi sai mu gangara busasshiyar ƙorama inda rairayi yake da taushi. "Zare ƙafa daga likkafa. Saki linzami. Haɓa a ƙirji, kafaɗa ta fara sauka, ka mirgina." Duk na haddace, ai hadda sana'ata ce. Amma da na sulluɓo sai hannun dama ya miƙe da kansa ya riga ni ƙasa. Mako guda muna haka, har matan da ke zuwa rijiya suka fara ajiye tuluna suna kallo kyauta.

"Kai ɗan nan, hannun ubanka ka gada har da taurin kansa," in ji kawu. Wannan magana ta sosa mini rai ƙwarai.

Washegari ya zo da allona, wankakke, ba rubutu a jikinsa. Ya ce in hau da shi.

"Haba kawu! Allo fa? In ya faɗi ƙasa?"

"To kar ka bari ya faɗi mana."

Duk wanda ya yi karatun allo ya san wannan. Tun kana ƙarami jikinka ya koyi cewa gara kai ka sha ƙasa da allo ya sha. Ina sulluɓowa na ƙanƙame shi da hannu biyu a ƙirji, kafaɗa ta sauka, na mirgina, na tashi zaune baki cike da rairayi. Kawu ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Muka yi ta maimaitawa, da allo, daga baya ba allo.

Bayan wata biyu ina dawowa daga ƙauyen, wata kamiyo, wato babbar mota, ta ɓullo daga bayan dutse, direba ya danna oda. Goɗiya ta zabura ta yi sama da ni. Wurin kuma ba rairayi, baƙaƙen duwatsu ne zalla. Ban yi tunanin komai ba. Na dai tsinci kaina kwance, hannuwana naɗe a ƙirji, kafaɗa na zugi, riga ta yage, goshi na jini. Na ɗaga hannun dama na motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Duk biyar suka amsa. Direban ya zo a guje ya tarar da mutum cikin jini yana murmushi, ya ɗauka kaina ne ya taɓu.

Mutane suna alfahari da iya hawa. Ni har yau in ana wannan hira shiru nake yi, don hawana bai taɓa burge kowa ba. Amma faɗuwa kam, ban ga wanda zai nuna mini ita ba, kuma ba na jin kunyar faɗin haka.

Shekara biyu bayan nan na koma Damagaram na ajiye gafakar, da cikakken Alƙur'ani a ciki, gaban mahaifina. Ya yi alwala, ya zauna, ya yi ta juya takardun da hannun hagu yana neman inda rubutunsa ya tsaya nawa ya fara. Har aka kira la'asar bai gano wurin ba.