Batirin Firjin Baba

Shekarar da likita ya mayar da Baba kan allurar insulin, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Bodinga. Shi kuma yana ƙauyenmu, can bayan Shagari idan ka ɗauki hanyar Lambara. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, ƙwayoyi sun daina yi masa aiki. Likitan ya bar Baba ya dube ni, ya ce maganin nan ba ya son zafi. Idan ya sha zafi ƙarfinsa tafiya yake yi, kuma ido ba zai gane ba, sai a yi ta tsira wa mutum ruwan banza. Na ce na ji. A raina kuwa ina tuna bazarar ƙasarmu, lokacin da ko ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa da azahar.

Garinmu babu wutar gwamnati. An kafa turaku tun ina yaro, waya ce har yau ba ta iso ba. Ni da yayata da ke aure a Sakkwato muka haɗa hannu muka sayo faifan sola biyu, da babban batir, da ɗan ƙaramin firji. A zaure na kafa su, domin shi kaɗai ne mai rufin kwano a gidan, kuma nan Baba yake wuni. Da na gama, sai na ƙara wani soket mai baki huɗu, don ya riƙa cajin wayarsa da rediyonsa. Ban ga wani abu a cikin wannan ba a lokacin.

Ba a yi wata guda ba Inna ta fara kirana tana cewa firjin yakan yi shiru kafin gari ya waye. Matsalar batir ita ce ba ka ganin cikinsa. Randa ko rumbu, ka leƙa ka san abin da ya rage. Batir kuwa yadda yake a cike haka yake a wofi, baƙin akwati ne kawai mai nauyi. Ni kuma ba zan iya hawa mota kullum in je in ɗora masa mita ba.

Dama ina da wata cuta tun ina ɗalibi, ta haɗe-haɗen kayan lantarki. Matata tana kiran kusurwar ɗakin da nake wannan aiki juji. A cikin jujin nan akwai wani ɗan allo mai ƙwaƙwalwa, bai kai tafin hannu ba, irin wanda ake rubuta wa umarni a kwamfuta ya riƙa bi. Na ce shi zai zame mini ido a zauren Baba. Na farko ƙona shi na yi. Allon bolt biyar kawai yake ɗauka, ni kuma garin gaggawa na jona masa sha biyu kai tsaye, sai ƙauri ya tashi. Malamin kimiyya guda! Na biyu na bi shi a hankali. Na jera ƙananan na'urori biyu da ake kira rezista suka raba ƙarfin wutar, ɗan kaɗan ya riƙa shiga allon, shi kuma ya ninka ya fitar da ainihin abin da ke cikin batirin. Na kwana uku ina gwada shi da batirin babur ɗina, ina kwatantawa da mita, har bakinsu ya zo ɗaya.

Na sa masa fitilu biyu, kore da ja. Na sa masa layin waya, ya riƙa turo mini tes sau biyu a rana: ƙarfe shida na safe kafin rana ta hau faifan, da kuma ƙarfe huɗu na yamma. Na safen ne mai faɗin gaskiya. Idan na ga bolt sha biyu da ɗigo biyar zuwa sama, batir yana lafiya. Idan ya gangaro ƙasa da sha biyu, ya kusa mutuwa. Na zuba komai a cikin robar abinci mai murfi, na huda ramuka biyu don fitilun.

Ranar da na kafa shi, Baba yana zaune a kan buzunsa yana kallona. Ni ne ɗansa namiji na fari, bai taɓa kiran sunana ba, Injiniya yake ce mini, rabi yabo rabi tsiya. Ya tambaya ko wannan ɗan sandan da na kawo masa shi ma abinci yake ci, tunda a kwanon abinci ya zo. Na yi dariya, na durƙusa na yi masa bayani a gajarce, don na san ba ya son dogon turanci.

"Baba, in kore ta kama, lahiya lau. In ja ta kama, kaya sun yi yawa, a cire wani abu."

Ya maimaita maganar, ya ce ya riƙe. Baba mutum ne da idan ya ce ya riƙe abu, to ya riƙe shi.

Makonnin farko lambobin ba su yi daɗi ba. Sha ɗaya da ɗigo takwas, sha ɗaya da ɗigo shida. Na san dalili ba sai an gaya mini ba. Soket ɗin nan mai baki huɗu ya haihu. Wani ya kawo wani ya jona a jikinsa, wani ya ƙara, har zaurenmu ya zama wurin cajin unguwa. Maƙwabta su kawo wayoyi da tocila, mutanen ruga su aiko da nasu a cikin jaka, masu lambun albasa su ajiye da safe su biya da yamma su karɓa. Na kira Baba na yi ta ƙorafi, cikin ladabi dai, amma ƙorafi ne. Ya saurare ni har na gama, ya ce za a gyara.

Aka kuwa gyara. Cikin kwana biyu lambobin suka tashi. Sha biyu da ɗigo shida, sha biyu da ɗigo bakwai, kullum safiya. Kaina ya yi girma. Na riƙa nuna wa abokan aiki wayata a ofishin malamai, har wanda bai tambaya ba. Na kira yayata na ce mata ta kwantar da hankalinta, ilimi ya yi rana. Jarrabawa ta zo, ga gyaran takardu, na yi sati shida ban taka gida ba. Ina ganin ba ni da dalilin zuwa, tunda ina ganin komai daga inda nake.

Wata Asabar a tsakiyar bazara na sauka a Shagari, na hau kabu-kabu zuwa gida. Na isa da hantsi. Zaure cike da mutane ana hira, wayoyi shimfiɗe a tabarma kamar an shanya albasa. Fitilar roba tana kore shar. Na gaisa da kowa, na ji daɗi a raina, na nufi firji don in sami ruwa mai sanyi. Da na buɗe, iska mai ɗumi ce ta bugi fuskata. Kwalaben allurar suna nan a jere inda na bar su. Na ɗauki ɗaya, ɗuminta kamar an ciro ta daga aljihu. Na leƙa bayan firjin, sai na ga wayar wutarsa an naɗe ta da kyau an rataye a ƙusa.

A lokacin ne na dubi Baba sosai. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Buta biyu ne a gefensa, ɗaya ta alwala ɗaya ta sha, yana ta kurɓa. Ƙafarsa ta hagu a ɗaure da tsumma.

Na shiga cikin gida. Inna ta ce kututturen dawa ne ya soke shi a gona tun wata guda da ya wuce, ciwon ya ƙi rufewa. Da na tambaye ta maganar firji, sai ta yi mamakin tambayar. Ta ce ai duk sa'ad da ja ta kama, Baba yakan tashi ya zare firjin, nan da nan kore ta dawo. Da farko yakan mayar idan mutane sun watse. Daga baya ya lura wasu wayoyin kwana suke yi, kuma duk ranar da ya mayar da firjin sai ja ta tarye shi da asuba, sai ya bar shi a zare. Su a tunaninsu firji kamar kula yake, idan ya yi sanyi sau ɗaya yana riƙewa. Tana faɗa tana tankaɗe, ba ta san abin da take gaya mini ba.

Na jira har aka yi azahar, zaure ya rage daga ni sai shi. Ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na ce masa don firjin nan aka sayi komai, sola da batir da robar da fitilunta. Na ce maganin da yake tsirawa sati shida ba magani ba ne, shi ya sa ƙafar ta ƙi warkewa. Ya bari na kai aya.

"Injiniya, kai kac ce a cire wani abu. To, cikin kayan ga duka, wanne na nawa? Shi ɗai na nawa. In cire na mutane in bar nawa, cikin zaurena?"

Na ce rai ne fa, Baba.

"Na sani. Amma wanda yaz zo da wayarshi, ɗanshi na can kudu, da ita shika jin muryarshi, mi ni ka ce mai? In ce hitila ta ce ka koma?"

Na'urata ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya, Baba kuma bai saɓa umarnina ba. Ni ne na tsaya a Bodinga ina auna batir na manta wane ne mai zauren.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi, don duk shuka ce a idon makwarwa. Na zubar da tsofaffin kwalaben, na kai shi asibiti, aka ba da sababbi. Na koma jujina na haɗo wani makunni da zai yanke soket ɗin wayoyi da kansa idan batir ya yi ƙasa, ya bar firji. Ya yi aiki kwana huɗu. Wutar ta riƙa ɗaukewa a gaban mutane, Baba ya ji kunya, ranar kasuwa ya sa aka ɗauko mai gyaran rediyo daga Shagari ya tsallake shi da guntuwar waya. Na yanke kan wayar firjin na ɗaure ta kai tsaye a batir don kada a sami abin zarewa. Baba ya gano maɓallin da ke cikin firjin, wanda ake murɗawa ya mutu. Yayata ta ƙaro batir na biyu, labari ya kai ƙauyukan gefe, jakunkunan wayoyi suka ƙaru.

Mafi muni shi ne ranar da na keɓe amininsa, wani dattijo maƙwabcinmu, na gaya masa gaskiya. Mutumin ya yi salati, idonsa ya kawo ruwa, ya ce wallahi ba su sani ba. Kwana uku babu wanda ya kawo ko tocila. Ga kunya ta hana su zama hira ma, zaure ya yi tsit. Inna ta ce a kwana ukun nan Baba bai ci abincin kirki ba. A na huɗu ya ɗauki sandarsa, da ƙafar nan tasa, ya bi gida-gida yana karɓo wayoyin da hannunsa. Ni kuwa wata guda idan na gaishe shi, lahiya kawai yake cewa ya miƙa wa Inna wayar. Na roƙe shi ya dawo Bodinga wurina, ya ce bai ga wanda zai bar wa gida ba.

Inna ce ta ɗan yi abin da ya fi nawa. Ta zuba yashi a ƙwarya ta jiƙa, ta binne kwalaben a ciki, ta tura gindin randa. Likita ya ce ya fi babu. Amma ita ma tana da shekaru, wani lokaci yashin ya bushe ba ta lura ba, wani lokaci Baba ya ce a mayar da magani firji tunda don shi yara suka saya. Kafin damina ta faɗi, an cire masa yatsu biyu a wani asibiti a Sakkwato. Muka mayar da shi gida, mutane suka cika zaure da sannu, kowa da wayarsa a aljihu.

Tes ɗin bai daina zuwa ba. Sau da yawa na yi niyyar cire layin, na kasa. Na zama mutumin da ke addu'ar ya ga batir ya yi ƙasa, don ƙaramar lamba tana nufin firji ya kwana yana aiki. Idan na ga sha ɗaya da wani abu, sai in ci karin kumallo. Idan na ga lamba mai kyau, sai in zauna a bakin gado da waya a hannu, matata ta dube ni ta fita.

Wata Laraba, kwana biyar a jere ke nan ina ganin sha biyu da ɗigo bakwai. Ina tsaye a bakin aji, saura minti kaɗan a shiga. Na ce yau kam sai na faɗa masa, ko zai yi fushi da ni shekara. Na shirya maganata tsaf na kira lambar Inna, sai shi ya ɗauka. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai, yana magana yana hutawa, amma da fara'a a cikinta. Ina jin hayaniyar mutane a bayansa. Ban gama gaisuwa ba ya katse ni.

"Injiniya, abin ga naka shina aiki ƙwarai. Tun Juma'a ja ba ta kama ba ko sau guda. Kowa na yaba ma. Allah shi yi ma albarka."

Aka kaɗa ƙararrawa, ɗalibai suka fara wuce ni suna shiga aji.

Na ce, "Amin, Baba."