Zayyanar Malam Isiyaku da Faifaina

Ku ba ni kunnuwanku, jama'a. Ban san baƙi ba, ɗiyata Rakiya ke rubuta abin da nake faɗi.

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isiyaku na Dingyaɗi. Alƙur'ani bakwai ya rubuta da hannunsa, ya ƙawata su da zayyana. Ni ke dafa masa tawada da ƙaro, ni ke niƙa jan dutse har hannuna ya yi kanta. Bai taɓa sa sunansa a ƙarshen ko ɗaya ba. Ya ce wanda ya yi dominSa ya san mai hannun.

Bayan rasuwarsa wani mai bincike ya zo daga birni, ya durƙusa ya kira ni Inna. Ya ari na bakwai, har da gafakarsa, ya ce wata guda. Na ba shi hura, na ba shi littafin. Bai maido shi ba.

Bana sai ga muhawara a rediyo. Manyan masana biyu suna jayayya kan wata zayyana mai da'ira uku da haƙora kewaye, ta wani "marubucin da ba a sani ba". Ɗaya ya ce salon daga Magrib ya taho. Ɗaya ya rantse na Barno ne. Da'ira uku da haƙora! Saƙar faifan da uwata ta yi mini ce a Kajiji. Malam ya ɗaga shi daga bakin ƙwarya wani hantsi, ya ce, "Ara mini wanga, Hajo." Kwana uku hurata na shan ƙuda, yana kwafar saƙar cikin na bakwai.

Na sa Rakiya ta kira su. Na faɗi sunansa sau biyu. Ɗayansu ya ce, "Allah shi saka, Inna, amma mi ne hujjarki a rubuce?" Suka wuce ga mai kira na gaba.

Da Malam na raye, na san murmushi zai yi. Ni ban iya ba. Shi ya ɓoye sunansa don Allah. Su sun binne shi don ba su tambayi tsohuwa ba.

Mai binciken, an ce ya zama farfesa. Masanan suna nan suna jayayya. Littafin yana cikin gilashi a inda ban taɓa zuwa ba. Malam yana kwance gabas da gari. Faifan kuwa yana ɗakina, gefensa ya zare, ina rufe hura da shi. Har yau ba wanda ya zo ganinsa.