Mato Mai Ƙanƙara da 'Yan Kifin Hawa'u

Kafin motar farko ta tashi a tashar Birnin Konni, Mato ya riga ya fito da ƙanƙararsa, ya binne ta cikin ƙaiƙayi, ya lulluɓe da buhu. Haka muka taso muka gan shi. Bana sanyi ya kama masa hannuwa, ya ce ya ajiye sana'a, ni kuwa na ce ba zai ajiye a ɓoye ba.

Wata shekara, a azumin da ya faɗo tsakiyar zafi, wutar gari ta ɗauke, motar Yamai kuma ta lalace. Wata ɗaliba mai jiran motar, Hawa'u, ta zauna bakin rumfarsa rungume da kula, irin akwatin nan mai riƙe sanyi, idonta ja wur.

Mato ya ce, "Ɗiyata, mi as same ki?"

Ta buɗe kular. 'Yan kifi ne sirara, farare fat, dangin sardin na gwangwani, daga kogin Yawuri ta kwaso su. Ta ce cikin tsokarsu akwai wata ƙwayar gado da ba a samunta sai ta wajen uwa, da ita za ta gano asalinsu. In suka ɗumama gadon ya lalace, karatunta na shekaru ya tafi a banza.

Ƙanƙarar da ta rage a Konni ranar nan tasa ce kaɗai, ga masu azumi sun jeru da kwanoni. Mato ya dube su, ya dubi kifin, ya juye ta duka cikin kular.

Labo direba ya yi tsalle. "Kai Mato! Mu da ƙishirwa, kifi da sanyi?"

"Ku kuna da randa. Su wagga ɗiya ɗai ag gare su."

Ranar nan ruwa mai ɗumi muka sha, muna sha muna mita. Har yau ana tsokanarsa da surukin kifi.

Mato, kai ne ka ba baƙuwa abin da gari duka ke so, ba ka ko tambayi gidansu ba. Yau Hawa'u malama ce, tana koyar da ilimin kifi. Da ta zo gaishe ka ta ce ta gano kakannin kifin nan na wajen uwa, ka kyalkyale da dariya ka ce, "To, ki gaishe min da su."

Mun gode, Baba Mato, Allah ya ba hannuwan nan lafiya. Ku kuma matasa da kuka gaji rumfar, in kun ga baƙo rungume da kaya yana hawaye, ku fara tambayarsa abin da ya same shi kafin ku sallami layi.