Mabuɗin Motar Ajidan

Ban taɓa mantawa da ranar da Hamani ya nuna ni da yatsa a wani garaji na Zongo ba. Shekarun fari ne, soja na mulki, 'yan gudun yunwa sun cika sansanin Lazare. Wasu tsofaffin sojoji suka kafa ƙungiya mai kaki da bindigogi, wai rakiyar kamyo, manyan motocin hatsin taimako, alhali karkatar da hatsin suke yi. Komiser, shugabanmu na 'yan sanda, ya tura ni cikinsu a ɓoye a matsayin direba. A aikinmu, wanda aka tura haka shi kaɗai yake. In asirinsa ya tonu, komisariya, ofishinmu, ba ta san shi ba.

Shugabansu, wani tsohon soja mai muƙamin ajidan, ya yaba da tuƙina. Ya karɓe mabuɗin motarsa daga hannun Hamani, wanda ya daɗe yana tuƙa shi tun suna bariki, ya miƙa mini. Har kwano ɗaya muka koma ci ni da Ajidan. Hamani ya daina amsa gaisuwata. In Ajidan ya yi dariya da ni, sai ya tashi ya bar wurin.

Ran nan bayan azahar, gaban kowa, Hamani ya nuna ni ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan Isufu ɗan sanda ne."

Na san wanda aka taɓa zargi kafina, a bakin kogi aka tsinci gawarsa.

Ajidan ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Hamani ya kai idonsa kan mabuɗin da ke hannuna.

Ajidan ya ce masa, "Mabuɗin ke cin ranka. Daga yau ka koma wankin kamyo."

Da aka kama su daga baya, na shiga komisariya da kakina, na tarar da Hamani zaune a ƙasa da ankwa. Ya dube ni ya ce, "Wallahi ƙarya na yi maka ran nan. Ban san komai ba. So nake kawai a raba ka da Ajidan."

Na kawo masa ruwa, ya ƙi sha. Abin da ya tambaye ni ɗaya ne: ko Ajidan ya ambaci sunansa.

Shi ya sa nake gaya wa yaranmu masu shiga irin wannan aiki, kada su bari shugaba ya so su da yawa. Ana koya mana ɓoye suna da asali, amma ba wanda ya koya mana duba wanda muka ture daga kujerarsa.