Dattijon da Ke Zare Mana Caja

A ɗakin jira na tasha soket ɗaya ne ke aiki, duk mun jona wayoyinmu a kai. Ga wani dattijo, gilashinsa ɗaure da zare, shi ma ya jona 'yar rediyonsa, tana ta zuuu kamar ƙudan zuma. Ko sallama babu, yana zare cajojinmu ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne.

"Haba Baba! Matata na asibiti, kira nake jira!" na ce.

"Yi haƙuri, ɗana. Ƙarar nan ba ta iska take zuwa ba. Wata caja ce ke turo ta, tana biyo wayar wuta."

Wai tawa ce. Ya zaro wani baƙin zobe mai tace ƙara daga aljihu, yana nannaɗa igiyar cajata a jikinsa a natse, ni kuwa ina tafasa. Ina jin tsohon mai gyara ne, irin wanda iyalinsa ke ɓoye caja idan ya shigo gida.

Da ya mayar da cajata soket, rediyo ta washe tas. Ya yi murmushi, ya kashe ta. Ko labaran bai saurara ba! Wayata kuwa tuni ta mutu.